Surukin da Mami Ta Zaɓa da Kunne

Ku gyara zama, 'yan uwa, don abin da zan ba ku yau ni kaina in na tuna sai na rufe fuska da matashi. Masu turo min saƙo kuna cewa, "Dilenia, kin cika ja mana rai, ki fito da mutumin nan fili mana," to na fito da shi. Sai dai fitowar ta ci min abin da ban taɓa zaton zan bayar da hannuna ba.

Ga wadda yau ta fara leƙowa: sunana Dilenia Almánzar, shekarata talatin da ɗaya, ina zaune da mahaifiyata a Villa Juana cikin Santo Domingo. Aikina nazarin harshe. Rabin mako ina cikin tsofaffin takardun coci da na kotu ina tono yadda kakanninmu suke magana, sauran rabin ina yawo unguwa-unguwa da na'urar naɗar murya ina jin yadda jikokinsu suke yi. Ina koyarwa a jami'a, amma irin koyarwar nan ta ɗan haya, a biya ka awa-awa, in ɗalibai sun tafi hutu cikinka ma ya tafi hutu. Bana aka buɗe gurbin malami na dindindin a sashenmu, kuma binciken da zan ba ku labarinsa shi ne takobina a takarar.

Mami kuwa, Doña Nurys mai shagon gyaran gashi a gaban gidanmu, duk wannan aikin sunansa a wurinta "yawon jin gulma da izinin hukuma". Kullum da safe tana zuba min kofi tana zuba min wa'azi.

"Ke da kike wuni da muryoyin maza a kunne, har yanzu ba ki ji wanda ya ce yana sonki ba?"

"Mami, yadda suke magana nake saurare, ba abin da suke faɗa ba."

"Ai na gani. Shi ya sa takarda ce kawai ke kwana a gadonki. Takarda kuwa ba ta haihuwa."

Bari in yi muku bayanin gwajin a gurguje, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina ba. Tsohon gwaji ne a fagenmu, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Za ka nemo mutum ɗaya mai baki biyu, wanda ya iya maganar 'yan birni kuma ya iya ta ƙauyensu. Sai ya ba da ɗan labari guda sau biyu, kowanne da baki daban. Ka cakuɗa su cikin muryoyin wasu mutane, ka kunna wa jama'a, ka tambaye su: wannan mai ilimi ne? Mai gaskiya ne? Za ka ɗauke shi aiki? Za ki ba shi 'yarki? Tunda mutumin ɗaya ne, duk bambancin da suka gani daga kunnensu ya fito, ba daga shi ba. Gwajin gaba ɗaya a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, wato kada mai saurare ya san mutum ɗaya ne. Ranar da aka sani, sai dai a yi masa sutura.

Mutumina mai baki biyu shi ne Eladio Collado, likitan dabbobi, ɗan wani ƙauye kusa da Moca a yankin Cibao, inda mutane suke magana irin wadda 'yan birni suke kwaikwaya in suna son ba da dariya. Gonakin kaji yake dubawa. A nan birni ya yi karatu, ya koyi bakinmu yadda ake koyon ɗaura laktaye a wuya. Ranar da ya zo ɗakin naɗar murya, ya fara da bakin birni, na ce ya yi kyau. Da ya juya zuwa na gida, sai na saki baki ina kallonsa har ya kai ƙarshe.

"Malama," ya ce, "jar fitilar nan fa ba ta kama ba. Ko ni ne na kashe ta?"

Ashe ban danna komai ba. Daga ranar muke tare, kuma Mami ba ta sani ba. Dalili kuwa, babana ɗan Cibao ne, bakinsa kamar zuma. Ina goye ya hau kwalekwale zuwa Puerto Rico, ya ce da ya sauka zai aiko mana. Har yau bai sauka ba ke nan. Tun daga nan, in Mami ta ji irin wannan maganar ko a rediyo ne sai ta canza tasha.

To, ga kuskurena. Rukunin ƙarshe da ya rage min shi ne dattawan matan unguwa, kuma ƙungiyar matan cocinmu ta yarda in je in kunna musu. Kafin nan ina son in gwada ko lasifikar tana fita, ko tambayoyin suna shiga kai. Wata Asabar da rana aka ɗauke wuta, na'urorin busar da gashi suka mutu, mata suka yi jugum a shagon Mami kowacce kanta cike da robobin naɗin gashi, suna fifita da tsofaffin mujallu. Na leƙo na ga kunnuwa kyauta. Mai hankali ba ya gwada bincikensa a shagon uwarsa, amma ranar hankalina ya tafi tare da wutar.

Na kunna murya ta ɗaya, ta wani direba.

"Mashayi ne," in ji Tía Belkis tun bawan Allah bai rufe jimla ba.

Tía Belkis ƙanwar Mami ce, kuma ita ce gidan rediyon Villa Juana. Wayarta ba ta taɓa hucewa ba. In kaza ta yi ƙwai a ƙarshen layi, kafin ta gama kuka Tía ta sanar.

Sai murya ta biyu: Eladio da bakin birni, kowace kalma an goge ta an sa mata takalmi. Mami ta tsaya da mataji a sama.

"Maimaita."

"Mami, ƙa'ida sau ɗaya ake ji."

"Ƙa'idar gidanku. Maimaita na ce."

Na maimaita. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai kamar tana coci.

"Wannan ɗan gidan mutunci ne. Ku ji yadda yake ajiye magana ɗaya bayan ɗaya, ba ya tuntuɓe. Wannan ba ya ɗaga wa mace murya, yana kai uwarsa asibiti, kuma na rantse yana da mota."

"A muryar kika hango motar?"

"Ke kika yi karatun, ni na yi rayuwar. Karanto tambayarki ta ƙarshe."

"Za ki ba shi 'yarki?"

"Yau, kafin a dawo da wuta. In haɗa masa da na'urar busar da gashi guda, kyauta."

Mata suka kwashe da shewa. Ni ma na yi dariya, zuciyata fari ƙal, na manta akwai sauran tafiya. Ta uku ta wuce, ta huɗu ta wuce. Ta biyar ta shigo: labari iri ɗaya, na mutumin da motar haya ta tafi ta bar shi, amma da bakin da Eladio yake ce min ina kwana. Tía Belkis ta riƙe ciki tana dariya har robar gashinta ɗaya ta faɗi. Mami ba ta yi dariya ba.

"Kashe min wannan."

"Bai gama ba, Mami."

"Ni na gama. Ɓarawon kaji ne. Irin muryar nan da take shigowa ta taga da daɗin baki, ta fita ta ƙofa da tukunya."

Mai bincike ba ta tsallake tambaya, sai na karanto: "Za ki ba shi 'yarki?"

"Ko karyar maƙwabta ba zan ba shi ba."

Na rubuta amsar. Malamar da ke cikina tana rawa, don sakamako mai kyau irin wannan sai an dace. Macen da ke cikina kuwa ta ɗora hannu a ka.

Da yamma na rufe ƙofar ɗakina na ɗauki waya.

Ni: Na gwada muryoyin a shagon Mami.

Eladio: To? Na ci ko na faɗi?

Ni: Duka biyun.

Ni: Ta ba ka ni, har da na'urar busar da gashi.

Ni: Kuma ta ce kai ɓarawon kaji ne.

Ya turo saƙon murya. Dariya ce zalla, ga kaji suna taya shi daga baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ki gaya wa Doña gonakin kaji ne a hannuna. In sata zan yi, ai da tuni na gina bene a Moca."

Na ɗauka abin zai tsaya a wasa. Ina! Daga ranar, gaisuwar Mami ta koma, "Kin nemo min Na Biyu?" Mai murya ta biyu ke nan. Na ce mata sirrin bincike ne, ba a faɗin sunayen mutane. Ta ce ita ba ta ce in faɗi sunansa ba, cewa ta yi in aure shi. Ta kunna kyandir a gaban hoton Maryamu da sunan Na Biyu. Matan da ke zuwa wankin kai suna leƙowa ɗakina da tawul a wuya suna tambayar ya jikin angonmu. Daga ƙarshe Mami ta gindaya min sharaɗi tana yankan albasa, ko kallona ba ta yi ba.

"Lahadi zan yi girki. Ko Na Biyu ya zauna a kujerar nan, ko Wilkin ya zauna."

Wilkin ɗan wata mai zuwa shagonta ne, ya zo hutu daga New York da sarƙoƙin zinare uku a wuya da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Sau ɗaya muka yi hira, ya tambaye ni harsuna nawa nake sayarwa.

A ranar kuma saƙon shugabar bincikena, Profe Ondina, ya shigo. Tsohuwa ce mai kirki da ta ƙarar da idonta a kan rubutun mutanen da suka mutu tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai, kuma ba ta ɓata kalma. Ta rubuto: "Matan coci su ne rukunin ƙarshe. Ba su, ba bincike. Ba bincike, ba kujerar malanta. Ki riƙe bakinki."

Gaba kura, baya sayaki. In Eladio ya zo da bakinsa na gida, Mami za ta gane Na Biyar ta kore shi da tsintsiya, kuma ba ni da abin kare shi sai in fasa ƙwan. In ya zo da na birni, ko an gane shi ne Na Biyu da sauƙi, gwajin zai yi ɗingishi amma zai kai gida.

Muka haɗu a bakin teku da la'asar. Ya sayo mana ruwan kwakwa, muka zauna a kan katanga iska tana watsa min gashi. Na juya tsinken sha, na buɗe baki.

"Ka zo ranar Lahadi. Amma ka zo da murya ta biyun."

Ya ajiye kwakwarsa.

"Na ɗan lokaci ne, Eladio. Matan coci su saurara, in miƙa aikin, sai mu gaya mata a hankali."

"A hankali yaya? In riƙa cire wa maganata takalmi ɗaya duk Lahadi har ta saba?"

"Kai dai ba ka rabo da wasa."

"Yo ba wasa nake ba. Wancan bakin na aiki ne, Dilenia. Da shi nake shiga banki, da shi nake lallaɓa ɗan sanda. Ban taɓa ce wa kowa ina sonsa da shi ba." Ya juyo ya dube ni. "Ke wanne kike so?"

"Kai ma ka sani."

"Na sani. So nake in ji ko za ki iya faɗa a gaban mutane."

Na kawar da kai. Ni da na tsaya a gaban ɗalibai ina rantsuwa cewa maganar ƙauye ba ɓatacciya ba ce, cewa wasu kalmomin da ake musu dariya a kai na gan su da idona a takardun da suka girmi kakan kakana, ni ce yau nake roƙon mutum ya bar tasa a bakin ƙofa. Kunya ta kama ni, amma ban janye ba. Ya kalli ruwa, sannan ya ɗauki kwakwarsa.

"Zan yi. Kujerar nan ta jami'a kin sha wuya a kanta. Amma ki ce wa Doña ta sa wake da yawa, ƙarya tana sa ni yunwa."

Ranar Asabar da yamma ya turo min hoto daga ƙauye. Mahaifiyarsa ce, Doña Chea, 'yar siririyar tsohuwa da ɗankwali ja, tana tsaye a gaban murhun itace tana juya alewar madara a babbar tukunya, hayaƙi ya sa ta kanne ido ɗaya. A ƙasa ya rubuta: "Mamá ta ce a kai wa mamarki. Tun safe take kai, ta hana kowa taɓa muciyar."

Lahadi, muna dawowa daga coci gidanmu ya koma kamar za a yi bikin baftisma. Mami ta cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da sai limamin coci zai zo ake yi. Ta sa koriyar rigarta mai ƙyalli da 'yan kunnen zinaren da suke kwana a cikin gwangwanin biskit. Ni ta zaunar da ni ta miƙar min da gashi da ƙarfin tsiya, ta zaɓar min rawayar riga mai ƙananan furanni, ta ce baƙar da na ɗauko ta zuwa jana'iza ce. Na gaya mata wani abokina ne zai zo, ban ƙara komai ba. Tía Belkis ta iso tun kafin shinkafa ta tsotse, cikin matsattsen wando mai zanen damisa, wai ta zo aron gishiri. A tebur akwai farar shinkafa, jan wake, miyar kaza, soyayyar ayaba, da fiya da aka yanka aka jera kamar za a ɗauki hotonta.

Aka ƙwanƙwasa. Mami ta riga ni zuwa ƙofa. Ga Eladio cikin farar riga mai aljihu huɗu an goge ta har tana ɗaukar ido, takalmi yana sheƙi, ƙunshi a hannu.

"Barka da rana, Doña Nurys. Na daɗe ina fatan in zo in kawo gaisuwa."

Mami ta dafa ƙofa. Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa titi ta hango farar motarsa.

"Maryamu mai tsarki! Belkis! Belkis, fito, Na Biyu ne! Kuma ga motar!"

Ban taɓa ganin Mami haka ba. Bakinta har kunne. Ta zaunar da shi a kujerar kan tebur, ta juya masa fanka shi kaɗai, ta zuba masa cinyar kaza biyu. Ni kuwa ta mintsine ni a wucewa ta ce ƙasa-ƙasa, "Munafuka, ashe kina da wayo."

"Wane aiki kake yi, ɗana?"

"Likitan dabbobi ne ni, Doña."

"Likita! Belkis, me na ce muku?"

"Kin faɗa, yaya, kin faɗa."

"Mutanen ina ne ku?"

"Daga arewa muke, amma a nan na yi karatu."

Kowace amsa tana fita sumul, ba ƙura. Yana murmushi, yana yaba waken, yana miƙa wa Tía ruwa kafin ta nema. Komai yana tafiya yadda na tsara, ni kuwa sai juya cokali nake a cikin shinkafa. Mutumin da ke zaune a gabana kyakkyawa ne mai ladabi, amma ban san shi ba.

Sai Tía Belkis ta tuna da abin dariya. Ta karkace baki ta fara kwaikwayon Na Biyar, tana jan kalmomi tana buga tebur. Mami ta ce ta bari ana cin abinci, amma ita ma tana murmushi. Sai ta juya ga Eladio.

"Likita, kai ma ka ji shi ai, tunda tare kuka yi aikin. Wancan na biyar ɗin."

"Na ji shi, Doña."

"Ya ka gan shi, tsakaninka da Allah?"

Eladio ya goge baki da tsumma, a hankali. "Yana ƙoƙari," ya ce.

Suka fashe da dariya. Na kalli hannunsa a kan tebur, ya damƙe cokali har jijiyoyin sun fito.

Da aka kawo kofi, Mami ta jawo ƙunshin da ya zo da shi ta kwance. Alewar madarar ce, an naɗe ta cikin ɓawon dabino an ɗaure da zare, irin naɗin da ba a yi sai a ƙauye. Ƙamshin hayaƙin itace ya tashi. Mami ta juya ta a hannu tana yamutsa fuska kaɗan.

"Ikon Allah. Rabon da in ga irin wannan naɗin har na manta. Ina mutum kamarka ya samo abin ƙauye haka?"

Eladio bai kalle ni ba.

"A bakin hanya na saya, Doña. Wurin wata tsohuwa."

Wata tsohuwa. 'Yan uwa, ban san lokacin da na ajiye kofina ba, ƙarar da ya yi a kan faranti ce ta sanar da ni. Jan ɗankwalin nan na gani, da idon da hayaƙi ya kanne. Duk abin da na karanta, duk kujerar da nake mafarki, suka yi min ƙanƙanta a lokaci guda. Na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba.

"Mamarsa ce ta yi."

Kowa ya juyo.

"Jiya ta wuni a gaban murhu tana yi miki ita, Mami. Sunanta Doña Chea. Kuma Na Biyu da Na Biyar mutum ɗaya ne. Ga shi nan yana cin wakenki."

"Dilenia," in ji Eladio a hankali, "aikinki fa."

"Ka tambaye ni wanne nake so. Na Biyar nake so. Shi nake so tun ranar farko, ga mutane, na faɗa."

Na waiwaya don in roƙi Tía Belkis ta rufa min asiri, sai na tarar wayar tana bakinta, babban yatsa a kan madanni.

"Tía, don girman Allah!"

"Yo ai saƙon ya tafi, 'yar nan." Ta juyo min da fuskar wayar, har da ɗan tausayi. "Zauren hirar matan coci na tura. Ga shi har an fara buɗewa."

Shi ke nan, an binne gwajina ina zaune ina kallo. Abin mamaki, ban ji kuka ba. Wani sauƙi na ji, kamar na cire takalmin da ya matse ni tun safe.

Mami ta ajiye alewar a tsakiyar tebur, ta gyara zaman ɗan kunnenta, ta zuba wa Eladio ido.

"Yi magana in ji."

Ya ajiye cokali. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da ya buɗe baki, Eladiona ne ya dawo, da jan maganarsa da komai.

"Doña, ki fara sa min albarka tukuna, haka aka koya min a gida, ɗazu wancan bakin ne bai iya roƙo ba. Ni ne Eladio, ɗan Chea da marigayi Tomás. Kaji allura nake musu, ban taɓa ɗaukar ta kowa ba, sai dai ƙwai ina yaro, shi ma na gidanmu ne, kuma na sha duka a kai. Ina son 'yarki. Ba ni da wata hanyar faɗinsa sai wannan."

Fankar tana juyawa. Ko Tía Belkis ta yi tsit, abin da tarihin Villa Juana bai taɓa gani ba. Fuskar Mami ba ta nuna komai ba. Ta tura kujera baya, ta miƙe, ta shige kicin. Na ce a raina tsintsiya ta tafi ɗaukowa. Eladio ya laluɓo hannuna a ƙarƙashin tebur, nasa ya fi nawa sanyi.

Sai muka ji ƙarar cokali yana kankare gindin tukunya.

Ni da Tía muka kalli juna. A gidanmu ƙanzon shinkafa na Mami ne ita kaɗai. A tsaye take cinsa a kicin bayan kowa ya tashi, kuma limamin coci da kansa ya taɓa roƙa ta ce masa ya ƙone. Ta fito da shi a faranti, ya yi jawur, ta kwarara masa romon wake, ta dire a gaban Eladio da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi tsalle.

"Kada ka yi saurin murna. Wannan ba na suruki ba ne, na ban haƙuri ne." Ta juyo kaina, idonta ya kaɗa. "Ke kuma, malamar harshe. Duk karatun naki, abin da ya koya miki ke nan? Ki sa ɗan mutane ya kira uwarsa 'wata tsohuwa' a kan teburina?"

Na sunkuyar da kai, hawayen da suka ƙi zuwa don kujera suka zo don wannan.

"Ranar Talata shago a rufe yake," ta ce da Eladio. "Ka dawo kai kaɗai, da wannan bakin. Ke kuma kada in ga ƙeyarki a layin nan."

Wayata tana ta rawa a kan cinyata, saƙonnin matan coci suna shigowa kamar ruwan sama. Ban san da wane ido zan kalli Profe Ondina gobe ba, ban kuma san abin da Mami ta tanada wa bawan Allah nan ba. Shi kuwa gogan naku ya duƙufa a kan ƙanzo, ƙurus-ƙurus, har ya sharce farantin tas. Ya ɗago kai, ba kunya ba tsoro.

"Doña, akwai ƙari?"

Mami ta ɗauke farantin daga gabansa, ta ɗauki alewar Doña Chea ta rungume a ƙirji, ta nufi kicin.

"Talata," ta ce ba ta waiwayo ba. "In ka amsa abin da zan tambaye ka."